Jak ɗin Malam da Daɓen Gareji

Shekaru sun ja, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har wani lokaci nakan shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina abin da ya kawo ni. Amma akwai abu ɗaya da na san ba zai bar ni ba sai ranar da aka mayar da ni ƙasa, wato yadda muka je sayen jak ni da maigidana, da abin da ya biyo bayan sayen. Na san wani zai yi dariya ya ce tsohuwa ta rasa abin tunawa sai ƙarfen ɗaga mota. To, ya yi dariyarsa, ni ma da farko dariyar na yi.

Malam, haka nake kiransa, direba ne a wani kamfanin gurzar auduga a nan Funtuwa har ya yi ritaya. Abin da ya fito da shi daga aikin shi ne ciwon baya da wata tsohuwar a-kori-kura fara, wadda ta girmi autarmu. Ya gina mata gareji a jikin zaure, bango uku da rufin kwano, ƙasan kuwa turɓaya ce zalla da ta sha baƙin mai. Da motar muke kwaso masara daga gonarmu ta wajen Kafur, da ita ake kai masu naƙuda asibiti a unguwarmu. Malam bai yarda wani makaniki ya taɓa ta ba. Kowace Asabar da hantsi zai sa wata tsohuwar riga da na gaji da cewa a jefar, ya kunna rediyo, ya shige ƙarƙashinta. Daga tsakar gida ina jin ƙarar sifana, ina jin yana yi wa motar faɗa kamar yana magana da mutum.

Jak ɗin da yake da shi irin na murɗawa ne, wanda ya zo da motar tun tana sabuwa. Shi kansa Malam bai amince da shi ba, don haka idan ya ɗaga motar sai ya shigo cikin gida yana wani kame-kame.

"Hajiya, ara mini turminki, yanzu zan dawo miki da shi."

"Malam, turmin nan fa na daka ne. An ce maka don mota aka sassaƙa shi?"

"To ai ita ma motar hatsi take ɗaukowa, duk gida ɗaya suke yi wa aiki."

Turmin na aurena ne, na icen ƙirya, mahaifina ya sa aka sassaƙa mini a Dayi. Malam zai mirgina shi zuwa gareji, ya kifa, ya ɗora buhu da katako, ya tura shi ƙarƙashin ƙarfen motar. Haka muka yi ta wannan rigima tun yaranmu suna firamare har suka yi aure. Ban taɓa ba shi da daɗin rai ba, ban kuma taɓa hana shi ba.

Wata Asabar bayan kaka ina tsakar gida ina bakacen wake, sai na ji wani irin ƙara kamar an sauke ganga daga kan mota. Rediyo bai daina magana ba, amma sifana ta yi shiru. Ban san lokacin da na watsar da faifai ba. Da na isa gareji na tarar jak ya zame ya kwanta gefe, motar ta sauko, ƙafafun Malam kawai nake gani. Na kira shi. Can sai na ji ya ce, "Ina nan, Hajiya. Ja ni ta ƙafa a hankali." Turmin ne ya tare motar. Ya tsage tun daga baki har gindi, amma bai buɗe ba. Tsakanin ƙarfen motar da ƙirjin Malam bai wuce tafin hannu ba. Kafaɗarsa ce kawai ta ƙuje. Da ya fito ya zauna a ƙasa ya daɗe yana kallon turmin, ni kuwa kuka ya ƙwace mini.

Labari bai kwana ba ya kai Kaduna wurin babban ɗanmu, wanda kunya ba ta barina in faɗi sunansa. Washegari sai ga shi. Ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya duba kafaɗar, ya je ya kalli turmin, sannan ya dawo ya zauna a bakin tabarma.

"Baba, na yi magana da ƙannena. Don Allah ka yi haƙuri a sayar da motar nan. Ranar da duk ake son kwaso amfanin gona, ni zan turo mota."

Malam ya dube ni. Ni kuwa na kawar da kai na ce gaskiyar yaro ce. A raina ma na riga na sayar da ita. Wanda ya ga ƙafafun mijinsa a ƙarƙashin mota ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

"Na ji," in ji Malam. "Amma ku ba ni zuwa ƙarshen wata. Akwai jak mai taya, mai aiki da mai, irin wanda muke da shi a kamfani. Idan na samu wanda ya riƙe motar nan yadda hankalin uwarku ya kwanta, ku bar mini abata. Idan bai kwanta ba, kawo mai saye. Ita ce alƙali, tunda turminta ne ya tsage."

Yaron ya ce zai saya masa mai tsada daga Kaduna. Malam ya ce a'a, da ɗan fanshonsa zai saya, don wanda ya biya shi ke da ta cewa. Haka aka mayar da ni alƙali, ni da ban san gaban jak da bayansa ba.

Da kafaɗar ta yi sauƙi muka fita. Kafin mu shiga mota na ga ya zaro karan dawa busassu daga dannin bayan gida ya jefa a baya, ban tambaye shi ba. Muka nufi layin masu kayan mota. Shagon da muka tsaya na wani saurayi ne ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen Funtuwa, wanda Malam ya san mahaifinsa tun zamanin kamfani. Hausa a bakinsa har da karin maganar da ni ban sani ba. Ya kawo mini benci, ya ce, "Mama, yau ke da kanki a layinmu? Lallai Baba ya yi laifi babba."

Ya fito da su ya jera a ƙofar shago. Masu tsadar ko kallonsu Malam bai yi ba, ya ce a kawo na talakawa. Aka bar guda biyu. Ɗaya ja ne, yana sheƙi, an yi masa rubutu mai yawa a jiki. Ɗayan baƙi ne, mummuna, fentinsa har ya ɗan karce a hanya. Ni dai idona yana kan jan, kuma shi ne ya fi araha. Malam ya tsuguna yana yi mini bayani kamar ina makaranta. Ya ce abu na farko a duba nauyin da jak zai iya ɗauka, ya zama ya fi ƙarfin motar nesa ba kusa ba, kuma kada a yarda da rubutun jiki kawai, a ɗaga a ji nauyin ƙarfen. Ya ce a duba ko zai shiga ƙarƙashin motar idan taya ta sace, a kuma duba iyakar inda yake kaiwa idan ya miƙe. Ya bi walda da ɗan yatsa, ya shafa gindin tulun man ya shinshina hannunsa ko yana yoyo, ya juya tayoyin ya ga na ƙarfe ne ko na roba. Na ce, "Malam, ko lokacin da ka zo neman aurena ba ka yi wannan bincike ba." Ya ce, "Ke ai tun daga nesa na ga ba kya yoyo." Mai shago ya yi dariya har da riƙe ciki.

Daga nan aka tura jan ƙarƙashin motar a kan simintin ƙofar shago, aka ɗaga gabanta. Sai Malam ya ɗauko karan dawa, ya auna daga ƙasa zuwa ƙarfen gaban motar, ya yanke daidai, ya tsayar da shi a tsakani. Sai a lokacin na gane amfanin karan. Ido ba ya ganin saukar jak mai yoyo a ciki, amma kara ba ya rufa wa kowa asiri. An kira azahar, ya ce, "Alƙali, ga shari'a nan na bar miki," ya tafi masallaci.

Na zauna ina kallon kara. Da farko yana tsaye ƙyam. Can sai na ga tsakiyarsa ya fara yin ciki, a hankali, a hankali, har ya lanƙwashe ya yi ƙas. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Na ce shi ke nan, Allah ya raba ni da zaman ɗar-ɗar. Amma da Malam ya dawo ya ga karan a karye, sai ya tsaya, ya cire hula ya shafa kansa ya mayar. Na zauna da mutumin nan tun ina yarinya, na ga ranar da aka yi masa ritaya daga aiki, ban ga fuskarsa ta yi haka ba. Daɗin da na ji sai ya koma mini ɗaci.

"Araha ba ta ado, Baba," in ji mai shago. "A gwada baƙin. Ya ɗan ɗara kuɗi kaɗan, amma shi masu faci ke saye."

Aka tura baƙin. Malam ya kama sandar da ake buga jak ɗin da ita, sai ya fasa, ya ce in zo in buga da kaina. Na ce a tsakiyar kasuwa? Ya ce eh. Na gyara mayafi na kama, na danna ƙasa, na ɗago, na danna. Ban yi wani nishi ba sai ga motar nan da ke ɗaukar buhunan masara tana tashi a hannuna. Ya nuna mini yadda ake murɗa sandar kaɗan ta sauko a hankali, ya sa na maimaita har hannuna ya saba. Na tambaye shi dalilin wannan wahala. Ya yi ƙasa da murya don kada mai shago ya ji.

"Ran nan da a ce turmin ya buɗe, ke kaɗai ce a gida. Ina son wanda za ki iya ɗagawa."

Aka yanka sabon kara aka tsayar. Na je na yi sallata a bayan shago, muka ci ƙosai, aka yi hirar farashin taki, aka yi la'asar. Kara yana nan yadda aka bar shi. Mai shago ya fito da wasu ƙafafun ƙarfe guda biyu ya ce dole mu haɗa da su. "Baba, jak aikinsa ɗagawa ne, ba riƙewa ba. Ko na wane kamfani ne, kada ka shiga ƙarƙashi sai ka sa waɗannan." Malam ya ce ya sani, shi ya sa ya yi shekaru yana satar turmi. Muka ɗauko muka taho, yana tuƙi yana bin waƙar rediyo.

Abin da duk cikinmu babu wanda ya tuna shi ne ƙasar garejinmu. A kamfani siminti ne, a ƙofar shago siminti ne, a gidanmu kuwa turɓaya. Shi irin wannan jak, yayin da yake ɗagawa dole tayoyinsa su riƙa gangarawa suna bin motar. Da muka gwada a gida sai tayoyin suka nutse, jak ya kafe, kansa ya fara zamewa daga ƙarfen motar. Malam ya yi maza ya sauke. Ya shimfiɗa katako, katakon ya karkace. Ya sa kwano, kwanon ya lotsa. Siminti kuwa a lokacin ya yi tashin da ba a magana, abin da ke hannunsa ya ƙare a jak, kuma na san ko zai mutu ba zai buɗe baki ya tambayi yara ba. Ya goge jak ɗin tsaf ya jingina a bango.

"Hajiya, ki gaya wa yaron ya zo da mai sayensa."

Asabar ta zagayo. Na tashi na yi shara, na ɗora koko, sai na ji gidan ya yi mini wani iri. Babu rediyo, babu sifana, babu mai zuwa aron turmi. Na leƙa zaure na gan shi zaune a kan kujera cikin farar riga, hannayensa a kan gwiwa. Hannayen ne suka tsaya mini a rai. Fes suke, babu ɗigon baƙin mai ko a ƙarƙashin farce, yana ta juya su kamar na wani ne aka ba shi ajiya. A wannan safiya ɗaya sai na ga ya tsufa. Na koma madafa na zauna. Na ce wa kaina, mun tsamo mutumin nan daga ƙarƙashin mota, ga shi za mu binne shi a kan kujera.

Ni 'yar ƙauye ce, kafin siminti ya shigo gari da daɓe muka san ƙasan ɗaki. Na tuna ɗakin kakata a Dayi, wanda ko taɓarya ta faɗi a kai sai dai ta yi tsalle. Ban gaya wa Malam komai ba, na yafa mayafi na bi gidajen unguwa. Duk gidan da na shiga akwai wadda motar nan ta taɓa kaiwa asibiti, ko ta kai kayan ɗakin 'yarta. Ban sha wahalar roƙo ba. Wata ta ce mijinta yana da amalanken shanu, zai kawo marmara. Wata tsohuwa ta ce tana da ɓawon ɗorawa, za ta jiƙa makuba. Madaɓai kuwa sai da aka tono su daga ƙarƙashin gadaje da bayan rumbu, wasu gara ta fara ci.

Ranar daɓen muka sa Malam ya fitar da motar. Ya tsaya yana kallonmu baki buɗe. Muka kwashe turɓayar nan mai baƙin mai har muka tarar da ƙasa mai tauri, muka zuba marmara da tsakuwa, muka yayyafa ruwa, muka jeru a durƙushe. Matan da rabonsu da daɓe tun suna amare, ga su da jikoki, amma da madaɓi ya fara sauka sai waƙoƙin suka dawo da kansu. Aka yi ta yi wa Malam ba'a a cikin waƙa, ana ce masa ɓarawon turmi. Shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa, ya je ya sayo goro da rake, ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Sannunku, Allah ya saka." Muka yi ta bugu ana ƙara ruwan makuba, washegari muka sake, har ƙasar ta yi baƙi-baƙi tana ƙyalli. Bayana bai sake zama daidai ba sai da aka yi mini gashi. Muka rufe ƙofa muka bar shi ya bushe.

Ƙarshen wata babban ɗanmu ya iso, har da wani dillali a motarsa. Malam ya ce dillali ya ɗan jira a waje. Aka shigar da a-kori-kura, aka tura jak. Ni na kama sandar. Ina bugawa ina jin tayoyin suna gangarawa a kan daɓe, suna bin motar yadda ya kamata. Malam ya sa ƙafafun ƙarfe, sannan ya ce a cire su tukuna don yaro ya ga gwajin kara. Ya yanka ya tsayar. Muka zauna mu uku a gareji muna kallon karan dawa. Aka kira salla suka tafi, suka dawo, kara bai motsa ba.

Yaron ya dube ni ya ce, "Umma, ke ce alƙali."

Na ce, "Sallami baƙonka, ka ba shi haƙuri. Amma ka ji sharaɗina a gaban mahaifinka. Ba zai shiga ƙarƙashi ba sai da ƙafafun ƙarfe, kuma ba zai shiga ba sai ina gida."

Malam ya ce, "Na karɓi hukunci." Ya shiga ciki ya mirgino tsagaggen turmin, ya ajiye a kusurwar gareji, ya ɗora rediyo a kai. Ya ce turmi ya yi ritaya kamar mai satarsa.

Allah ya ƙara mana shekaru masu ɗan dama bayan wannan. Kowace Asabar ni ke ɗaga masa motar, in ɗauko kujera in zauna ina tsince shinkafa, yana ƙarƙashi yana miƙo hannu ina ba shi sifana. Hirar da ba mu yi ba muna da ƙuruciya, saboda aiki da yara, a garejin nan muka yi ta. Da ajali ya zo ba a ƙarƙashin mota ya same shi ba, a kan gadonsa ne, bayan 'yar gajeriyar jinya. Da masu wanka suka fito, ɗaya daga cikinsu ya ce sun yi iya yinsu amma baƙin man da ke ƙarƙashin farcensa ya ƙi fita. Na ce su bar masa abinsa.

Motar tana hannun autarmu da mijinta yanzu, su ke zuwa gona da ita. Jak ɗin kuwa na hana. Malam ya taɓa gaya mini idan aka bar shi ba a bugawa robar ciki bushewa take yi, don haka duk Asabar da hantsi nakan shiga in buga shi ya miƙe, in murɗa ya sauko. Yara sun sha cewa za su zuba siminti a garejin, na ce ba yanzu ba. Sawun tayoyin yana nan a kan daɓen, layi biyu, daga bango zuwa inda gaban motar ke tsayawa. Wani lokaci ina tsakar gida sai in ji kamar za a leƙo a ce in ara turmi. Ina kewarsa ƙwarai, har rigimar ma ina kewarta.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, tsoro yana iya sa ka raba mutum da abin da yake tashi dominsa da safe, kana ganin taimakonsa ka yi. Mun so mu tsare ran Malam, saura kaɗan mu ƙwace masa rayuwar. Idan kana da tsoho a gida kana jin tsoron kada ya faɗi, kafin ka karɓe abin da ke hannunsa, ka fara duba ƙasar da yake tsaye a kai, wataƙila ita ce ke son gyara. Allah ya jiƙan Malam, ya sa ƙasar da yake kwance a cikinta ta yi masa taushi.